Ƙudan da ke sa tsutsa a mangwaro: Bactrocera ne ko Dacus ko Drosophila?

Wani ƙanina ɗalibin aikin gona ya tambaye ni, ya ce a takardar lakcarsu an rubuta cewa ƙudan da ke sa tsutsa a mangwaro sunansa Bactrocera invadens, ya shiga intanet ya ga Bactrocera dorsalis, ya ɗauko wani tsohon littafi a laburare ya ga Dacus dorsalis, sannan kuma tun a sakandare an koya musu cewa ƙudan 'ya'yan itace shi ne Drosophila. Wai wanne ne gaskiya a ciki, kuma yaya ake jera wannan ƙuda a kimiyance? Ya ƙara da cewa babansu na da lambun mangwaro kuma tsutsar na musu ɓarna.

Toh ƙanina, sunan da zaka rubuta yau shi ne Bactrocera dorsalis. Sunaye ukun farko da ka lissafo duk ƙuda ɗaya ne, kowanne da zamanin da aka yi amfani da shi, babu littafin da ya yi maka ƙarya, wasu dai sun tsufa ne. Shi kuwa Drosophila daban yake kwata-kwata, kuma da shi zan fara don mu cire shi daga hanya.

Drosophila shi ne ɗan mitsitsin ƙudan nan mai jan ido da kake gani yana shawagi kan ayabar da ta nuna ta wuce misali, ko ɓawon kankana da aka bari a kicin, ko wurin masu sayar da tumatir da yamma in ya fara ruɓewa. Tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Shi ruɓa yake bi, abin da ya riga ya fashe ya fara tsami, saboda yis ɗin da ke tsirowa a kai shi ne abincinsa. Bashi da makamin da zai huda lafiyayyen mangwaro yana kan bishiya. Akwai guda ɗaya a cikinsu, Drosophila suzukii ɗan asalin gabashin Asiya, da ke iya yanka fatar 'ya'yan itace masu laushi irin su inabi da sitiroberi, amma wannan ba shi ne matsalar lambun Baba ba. Dalilin da yasa shi kaɗai ake koyarwa a makaranta shi ne Thomas Hunt Morgan, wanda a 1910 a jami'ar Kolambiya ta Amurka ya samu namiji mai farin ido a cikin waɗanda yake kiwo a kwalabe, daga nan ya nuna yadda gado ke bin kuromosom, wato 'yan zaren da ke cikin ƙwayar halitta, har ya samu kyautar Nobel a 1933. Danginsa shi ne Drosophilidae. Namu na mangwaro danginsa Tephritidae. Turawa ne suka kira su duka da suna ɗaya na yau da kullum shi ya jawo ruɗanin, amma a ilimin ƙwari dangi biyu ne daban.

Yanzu jerin. Ka ɗauke shi kamar yadda ake gane mutum, a ce ɗan ƙasa kaza ne, ɗan gari kaza, unguwa kaza, gidan wane, sannan a faɗi sunansa na yanka, kowane mataki yana rage yawan waɗanda ake nufi har a zo kan mutum ɗaya. A sama can akwai Animalia, wato dabbobi gaba ɗaya. Sai Arthropoda, masu ƙafafu gaɓa-gaɓa da ɓawo a waje, a nan kunama da gizo-gizo da ƙaguwa duk suna tare da shi. Sai Insecta, masu ƙafa shida da jiki kashi uku. Sai Diptera, masu fiffike biyu kacal, domin biyun baya sun ƙanƙance sun zama wasu 'yan ƙulalai da suke daidaita musu tashi, in ka kama ƙudan gida ka duba bayan fiffikensa da madubin ƙara girma zaka gansu, kuma sauro ma a nan yake. Daga nan sai dangi, Tephritidae, mai nau'i kusan 5,000 cikin jinsi kusan 500. A cikin dangin akwai reshe Dacinae, a cikin reshen akwai Dacini, sannan ka iso jinsi, wato gidan, Bactrocera, sai nau'in kansa, dorsalis. Wannan tsari na suna biyu, na gida da na yanka, a dabbobi ana lissafa farkonsa ne daga 1758, daga aikin Carl Linnaeus mutumin Suwidin.

Abin da ya sa 'yan Tephritidae suka zama bala'i ga mai lambu yana ƙarshen cikin macen. Tana da wata tsinin allura da take zarowa ta soka fatar ɗan itacen, ta zuba ƙwai a ƙasan fatar, farare dogaye, kowanne wajen milimita 1. In ka duba mangwaron da aka soka da kyau zaka ga ɗan ɗigo baƙi, wani lokacin da ɗan danƙo ya tsatso ya bushe a wurin. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta nutsa ciki tana ci tana saɓa sau biyu, wurin yayi ruwa-ruwa ya ruɓe tun daga ciki alhali waje lafiya ƙalau, shi yasa mai saye bai gane ba sai ya yanka a gida. Bayan mako ɗaya zuwa biyu tsutsar ta ƙoshi, galibi a lokacin mangwaron ya faɗo, sai ta fito, kuma tana da wata ɗabi'a, takan lanƙwashe jikinta ta kama wutsiya da baki ta saki ta yi tsalle, in ka taɓa gani baka mantawa. Ta shige ƙasa ba nisa, ta rufe kanta cikin ƙwanso ruwan ƙasa, bayan kamar kwana goma ƙuda ya fito. In akwai zafi da laima zagayen duka bai fi wata ɗaya ba, kuma mace ɗaya kan iya zuba ƙwai sama da 1,000 a rayuwarta.

Mu koma Dacini domin nan rikicin sunayen yake. A lissafin da aka fitar a 2018 akwai nau'i 932 a cikinsa, an raba su gida huɗu: Bactrocera 461, Dacus 273, Zeugodacus 196, sai Monacrostichus mai guda 2 tak. Amma da ba haka abin yake ba. Sunan Dacus tun 1805 yake, Fabricius ne ya sa shi. Sunan Bactrocera kuma wani Bafaranshe Macquart ya sa shi a 1835, sai dai shekara da shekaru masana basu ɗauke shi gida mai zaman kansa ba, suna ganinsa ɓangare ne kawai a cikin Dacus. Shi yasa da Friedrich Hendel mutumin Ostiriya ya bayyana ƙudanmu a 1912, daga samfurin da aka kamo a tsibirin Taiwan, sai ya kira shi Dacus dorsalis. Da wannan sunan ya shiga Hawai a tsakiyar shekarun 1940 ya yi ɓarnar da ta sa duniya ta san shi, kuma yawancin littattafan da aka buga kafin ƙarshen shekarun 1980 haka zaka gani a ciki. Kaga tsohon littafin laburarenku daidai yake a zamaninsa.

A 1989 ne Richard Drew, masanin ƙudaje ɗan Ostireliya, ya ɗaga Bactrocera ya zama jinsi cikakke. Babbar alamar da aka dogara da ita tana bayan ciki. Cikin ƙuda faranti-faranti ne a jere, toh a Dacus faranten nan sun manne sun zama abu guda, a Bactrocera kuwa a rabe suke kowanne na iya motsi, in ka dube shi ta gefe a maikuroskof zaka ga suna hawa kan juna. Kuma rabon ya dace da inda suke zaune da abin da suke ci. Akasarin Dacus 'yan Afirka ne, suna bin dangin kabewa da kankana da dangin tumfafiya, kai akwai ma Dacus longistylus da tsutsarsa ke girma cikin 'ya'yan tumfafiyar nan da ke bayan gari, in ka fasa wani ka ga tsutsa a ciki yawanci shi ne. Su kuwa Bactrocera cibiyarsu kudu maso gabashin Asiya da Ostireliya da tsibiran tekun Fasifik, 'yan asalin Afirka a cikinsu kaɗan ne, mafi shahara shi ne Bactrocera oleae mai cin zaitun. Wannan ƙaura da aka yi masa ita ce dalilin da zaka ga ana rubuta Bactrocera dorsalis (Hendel, 1912) da sunan Hendel cikin baka. Bakan ba ado bane, yana gaya maka cewa wanda ya fara bayyana nau'in ya sa shi a wani jinsi ne daban, daga baya aka ɗauke shi. In ba'a taɓa ɗauke shi ba babu baka. Ɗalibai da yawa suna sa baka ko su cire yadda suka ga dama, kar ka zama cikinsu.

Daga nan sai abin ya ƙara cakuɗewa. An lura cewa abin da ake kira dorsalis a faɗin Asiya ba duka iri ɗaya bane, akwai masu kama da shi sosai amma da ɗan bambanci. A 1994 Drew da abokin aikinsa Hancock suka zauna suka tsefe wannan tarin, suka fitar da nau'i 52 a Asiya, 40 daga ciki sababbi. A cikin sababbin akwai papayae na yankin Malesiya da Indunusiya, da philippinensis na Filifin, da carambolae. Bambancin da aka kafa hujja da shi wani lokacin ƙanƙani ne ƙwarai, tsawon allurar macen, tsawon al'aurar namijin, faɗin baƙin layin bakin fiffike, ɗigo a cinyar ƙafar gaba. Yawancin waɗannan nau'o'i ƙudajen daji ne da basu damu kowa ba, amma 'yan kaɗan ɗin da ke ɓarna sun zama ciwon kai ga jami'an killace tsirrai a tashoshin jiragen ruwa, domin ƙuda zai faɗo tarko a rasa wanda zai iya rantsewa ko dorsalis ne ko papayae.

Sai 2003. A farkon shekarar aka kama wani baƙon ƙuda a tarko a gaɓar tekun Kenya. An ga dai ɗan tarin dorsalis ne, amma launin gadon bayansa yana bambanta sosai, wani baƙi wuluk, wani ja-ja ruwan ƙasa, wani haɗe da zane, alhali dorsalis ɗin da aka sani a littafi baƙin baya gare shi. Aka samu irinsa a Siri Lanka, aka ce daga can yankin ya fito. A 2005 Drew da Tsuruta da White suka bayyana shi a matsayin sabon nau'i, Bactrocera invadens. Kafin ma sunan ya fito ƙudan ya riga ya tsallaka nahiyar, a 2004 an kama shi a Benin da Sanagal, ba'a jima ba aka tabbatar da shi a Gana da Najeriya da sauran maƙwabta. Ba tashi kaɗai ya kai shi ba, motocin kaya ne, kwandon mangwaro ko lemu mai tsutsa a ciki zai yi tafiyar da ƙudan ba zai yi ba a rayuwarsa. Kusan duk binciken da aka yi a Afirka ta Yamma daga 2005 zuwa 2014 da sunan invadens aka buga shi, inaga daga nan malaminku ya haɗa takardarsa.

Toh amma tun a lokacin akwai masu shakka. Aka haɗa wani babban aikin bincike ƙarƙashin hukumar abinci ta FAO da hukumar makamashin nukiliya IAEA, da masana daga ƙasashe da dama, aka tara ƙudajen nan masu rai daga Afirka da Asiya a ɗakin gwajinsu na Seibersdorf kusa da Biyana babban birnin Ostiriya. Kuma abin da ya burge ni da aikin shi ne basu tsaya kan hujja ɗaya ba. Sun auna siffa a samfura masu yawa daga wurare masu yawa, sai aka ga tsawon allurar da ake cewa ya raba su babu inda ya yanke, a hankali yake canzawa daga wannan yanki zuwa wancan, kuma jan baya ɗinnan ana samunsa har a cikin dorsalis na Asiya. Sun duba DNA basu ga iyakar da ta raba su ba. Sun duba kuromosom, iri ɗaya. Sun duba sinadarin ƙamshin da namiji ke fitarwa don jawo mace, iri ɗaya. Sannan suka sake su cikin manyan keji mai bishiya a ciki suka zuba ido su ga wa zai bi wa, sai ga mace 'yar Kenya bata bambanta namijin Kenya da na Asiya, kuma 'ya'yan da aka samu suna haihuwa, jikoki ma haka. A ƙarshen 2014 sakamakon ya fito, Mark Schutze ne kan gaba a marubutan, mujallar da aka buga shi ciki ta ɗauki kwanan 2015, aka ce invadens da papayae da philippinensis duk dorsalis ne. Shi carambolae an bar shi daban, domin a nasa gwajin an ga bambanci na gaske a ƙamshi da zaɓen abokin barbara, wanda ke nuna maka ba haɗe-haɗe kawai suka zauna yi ba.

Me yasa dorsalis ya ci sunan ba invadens ba? Dokar sanya sunan dabbobi ta duniya ce, wanda ya riga shi ke da suna. 1912 ta girmi 1994 da 2005, shikenan. Sauran sun zama sunayen baya, ba'a goge su daga tarihi amma ba'a kiran nau'in da su.

Kuma gaskiya sai an faɗa, ba kowa ya yarda ba. Drew da Romig sun fito a 2016 sun ce su har yanzu suna ganin invadens da papayae nau'i ne daban. Drew ba ƙaramin mutum bane a wannan fage, kaso mai yawa na nau'o'in Bactrocera shi ya bayyana su, duk wanda ya taɓa zama da mabuɗin gane ƙudaje, wato jerin alamomin da ake bi a gane nau'i, ya ci moriyar aikinsa. Amma ni a wannan magana ina tare da waɗanda suka haɗe su, saboda launi abu ne mai yaudara a ƙwari, abincin tsutsa da yanayin wuri suna taɓa shi, kuma in ƙudajen da kansu basa ganin bambanci lokacin barbara, DNA ma bata gani, toh hujjar launin baya ita kaɗai bata isa ta tsayar da nau'i ba. Hukumomin kare tsirrai da yawancin masu bincike a Afirka duk sun koma dorsalis.

Wani zai ce duk wannan gardamar malamai ce, manomi ina ruwansa. Wallahi da ruwansa. Lokacin da ake ɗaukarsa sabon nau'i, ƙasar da ke da dorsalis a gida tana iya rufe ƙofa ga mangwaron Afirka ta ce kuna da ƙwaron da bamu da shi. Hanyoyin kashe tsutsa a kayan fitarwa da aka daɗe da gwadawa a kan dorsalis, na ruwan zafi da na sanyi, sai an sake tabbatar da su a kan invadens tun daga farko kamar ba'a san komai ba. Akwai kuma dabarar kiwon maza da yawa a haska musu radiyeshan su zama basa haihuwa a sake su cikin gonaki, wadda bata aiki sam sai in matan daji sun yarda da mazan da aka saka, shi yasa ma hukumar nukiliya ta shigo maganar tun farko. Da aka tabbatar ƙuda ɗaya ne, ilimin da aka tara a Hawai da Asiya na shekaru wajen saba'in ya zama namu kai tsaye. Kuma batun fitar da kaya ba wasa bane, Kenya da kanta ta dakatar da kai mangwaro Turai a 2014 saboda yawan kama tsutsa a kayanta, sai 2021 ta koma.

Akwai wani canjin da ya faru kusan lokaci ɗaya, zaka ci karo da shi in ka karanta kan kankana ko kokwamba. Ƙudan da ake kira Bactrocera cucurbitae yanzu Zeugodacus cucurbitae ne. Da Zeugodacus ɓangare ne a cikin Bactrocera, sai binciken DNA ya nuna ya fi kusa da Dacus, aka ɗaga shi jinsi a 2015. Shi ma kafin nan Dacus cucurbitae ne, Coquillett ya bayyana shi a 1899 daga Hawai, kaga gida uku kenan ya zauna.

Amma kar ka tafi da cewa duk tsutsar mangwaro a ƙasarmu dorsalis ce. Kafin baƙon ya zo akwai 'yan gida, jinsin Ceratitis, su ma Tephritidae ne kuma Dacinae, amma ba Dacini ba. Babbansu a mangwaro shi ne Ceratitis cosyra, wanda asalin abincinsa 'ya'yan danya ne, da mangwaro ya yawaita ya koma kansa. A cikinsu ne ma Ceratitis capitata yake, wanda duniya ke dangantawa da tekun Bahar Rum alhali ɗan Afirka ne kudu da Sahara. Binciken da aka yi a lambunan arewacin Benin, da yanayinsu bai da nisa da namu, ya nuna yadda suke rabon lokaci: cosyra ya fi jure bushewa, shi ke da farkon kakar mangwaro lokacin bazara, dorsalis kuwa laima yake so, da ruwan farko ya sauka sai yawansa ya tashi sama ya danne kowa. Shi yasa irin da ke nuna a makare, kamar Kent da Keitt, suka fi shan wahala, kuma shi yasa ake cewa mangwaron bayan ruwa tsutsa gare shi. Mutane suna ɗora laifin kan ruwan sama, ruwan kuwa ƙudan kawai ya tayar. Bayan mangwaro ya ƙare dorsalis baya zama da yunwa, yana komawa gwaba da lemu da kashu da gwanda da ayaba, tsirran da aka same shi a kai sun haura ɗari uku.

In ka kama ɗaya a hannu ga abin dubawa. Dorsalis tsawonsa wajen milimita 8, ya ɗan fi ƙudan gida, kuma yana da ƙira irin ta ƙaramar rina. Fiffikensa garau yake, sai siririn layi mai duhu da ya bi bakin gaba har ƙarshe, da wani ɗan gajere kusa da gindin fiffiken. A gadon baya akwai layi biyu rawaya, ɗaya kowane gefe, da ɗan faranti rawaya a ƙarshen bayan. A kan ciki kuma akwai baƙin zane mai siffar harafin T. Shi cucurbitae layin bayansa uku ne, da ɗaya a tsakiya, jikinsa ya fi ja, kuma akwai babban tabo a ƙarshen fiffike da wani a kan jijiyar da ta gitta. Ceratitis kuwa baka ma buƙatar madubi, ya fi gajarta, fiffikensa duk zane ne rawaya da ruwan ƙasa, yana tafiya yana buɗe su a saƙale ƙasa-ƙasa, farantin ƙarshen bayansa a kumbure da baƙaƙen ɗigo.

Nan ne sanin jinsi ke shiga aljihun Baba kai tsaye, wajen sayen tarko. Sinadarin da ake kira methyl eugenol mazan dorsalis ke haukacewa a kai, suna sha ne su sarrafa shi ya zama ƙamshin jawo mace. Wani Bature Howlett ne ya fara lura da haka a Indiya a 1912, ya ga ƙudaje na taruwa kan man sitironela, wanda ke ɗauke da wannan sinadari. In ka ɗiga shi a auduga tare da ɗan maganin ƙwari ka rataye cikin robar ruwa mai huji a gefe, a lokacin damina zaka iya tarar da robar ta tara matattun ƙudaje har ka yi mamakin inda suka fito. Amma wannan tarkon ba zai kama cosyra ba, shi nasa terpinyl acetate ne. Ba zai kama na kankana ba, cucurbitae nasa cue-lure ne, kuma akwai Dacus ciliatus da baya zuwa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na sha ganin manomin kankana ya sayi tarkon mangwaro ya rataye, ya ga yana cika da ƙuda yana murna, alhali dorsalis ɗin bishiyoyin maƙwabta yake kamawa, mai cin kankanarsa na nan yana aiki. Kuɗi sun tafi, kankana ta tafi, abin yana min ciwo sosai domin wanda ya sayar masa ma bai sani ba. Sannan ka riƙe cewa duk waɗannan maza kaɗai suke ja, macen da ke soka ɗan itacen abincin furotin take nema don ƙwanta ya nuna, don haka ita da koto mai furotin da guba ake kama ta, a fesa shi ɗigo-ɗigo a ganye ba a wanke bishiyar duka da magani ba.

Tunda kana da lambu a gida, ga aikin da zan so ka yi, ya fi duk bayanin nan. Da tsutsa kaɗai ba zaka gane nau'i ba, ko masana sai da maikuroskof mai ƙarfi ko DNA, don haka kiwonta zaka yi. Samu bokiti ka zuba busasshen yashi da aka tankaɗe kamar tsawon ɗan yatsa, ka ɗora mangwaron da ya faɗo mai alamar suka a kai, gara ka sa shi kan ɗan raga don ruwan ruɓar kar ya jiƙa yashin ya kashe su, ka rufe bakin da yadin gidan sauro ka ɗaure da roba, ka ajiye a inuwa inda tururuwa bata kaiwa. Bayan kamar kwana goma ka tankaɗe yashin da rariya zaka ga ƙwanson, ka kwashe su cikin kwalba mai ɗan yashi ka rufe da yadi. Da sun fito ka basu suga da ɗan ruwa a auduga su yi kwana biyu ko uku tukunna, domin sabon fitowa launinsa bai gama zama ba, in ka kashe shi da wuri zanen T ɗin ma ba zai fito sosai ba. Ka yi haka a watan Afrilu, ka sake a Yuni, ka ƙirga Ceratitis nawa Bactrocera nawa a kowanne. Wannan kaɗai ya isa aikin kammala digiri mai kyau, kuma zai gaya wa Baba wane tarko zai saya a wane wata. Shi kuma a nasa ɓangaren, abin da ya fi komai arha shi ne kwashe duk wanda ya faɗo kullum, a ƙulle cikin baƙar leda mai kauri a bar shi a rana kwanaki, ko a binne a rami mai zurfin da ya kai rabin mita, domin kowane mangwaron da aka bari a gindin bishiya ƙudajen wata mai zuwa ne. In maƙwabtan lambu basu yi ba aikin ba zai yi tasiri sosai ba, sai an haɗa kai.

Wajen rubutu, jinsi da babban harafi, nau'i da ƙarami ko da sunan mutum ko ƙasa aka samo shi, dukkansu a karkace in kwamfuta ce, in da biro ne ka ja layi a ƙasan kowanne daban. Sunan dangi kamar Tephritidae ba'a karkata shi. Karon farko ka rubuta cikakke da Hendel da shekara, ka ambata cewa a Afirka an san shi da invadens daga 2005 zuwa 2014, daga nan sai B. dorsalis kawai. In kana neman takardun bincike ka nema da sunayen biyu, in ba haka ba zaka rasa na shekara goma da suka fi shafar yankinmu. In ka je wa malaminku da maganar ka je da ladabi da takardar Schutze a hannu, yawancinsu suna jin daɗin ɗalibin da ya bincika. Samfurin da ka kiwata kuma ka zuba su cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70, ka rubuta wuri da kwanan wata da irin mangwaron da suka fito ciki da fensir a 'yar takarda, ka jefa takardar cikin kwalbar tare da su, domin tawadar biro narkewa take a sifirit.